Ranar da Isuwa Ya Jira Teku Ta Kwanta

Kawuna Isuwa masunci ne, haifaffen Argungu, kuma ban taɓa ganin mutum mai sanyin jiki irinsa ba. Ko gobara ake yi sai ya gama gaisuwa. Da homarsa da goransa ya ciyar da mu duka, amma in iska ta taso gulbi ya hau rawa, ba mai sa shi ya tsoma ƙafa. Zama yake a gaɓa har ruwa ya kwanta, yadda ubansa ya koya masa.

Sau ɗaya tak ya bar ƙasar Kabi, shekarar da aka sami mulkin kai. Abokinsa na ƙuruciya, Yari, ya daɗe da tafiya Ankara, babban birnin Gana, da sunan fataucin goro, shiru kamar an aiki bawa garinsu ba a gani ba. Uwar Yari, tsohuwa Baiwa, idonta ya soma dushewa. Ta kira Isuwa ta roƙe shi ya je ya faɗa wa abokinsa ya dawo tun tana iya ganin fuskarsa. Isuwa ya sauka Birnin Kebbi, ya hau motar 'yan goro ta hanyar Kamba, ya sha jijjiga har ya manta yadda zama a ƙasa yake.

Ya sami Yari a zango, unguwar Hausawa. Murna ba a magana. Sai dai fataucin ya daɗe da rushewa, dako Yari ke yi a kasuwa, kuma kunyar komawa gida hannu wofi ce ta riƙe shi. Isuwa ya gane wannan tun daga tabarmar da aka shimfiɗa masa.

To a tarbiyyar kawu, ɗan aike ba ya kwance saƙo mai nauyi sai mai masauki ya zauna ya tambayi mutanen gida. Yari ya san haka sarai, tare aka rene su. Saboda haka ya ƙi zama. Kullum da sassafe sai ya ari riga wurin maƙwabci, ya ce wa baƙonsa ya tashi a je ganin gari.

An kuwa ga gari. Ya kai shi kasuwar Makola, inda mata ke da baki da jari, wata ta ɗaga wa kawu ƙaguwa mai rai a hanci ya ja da baya yana salati. Ya kai shi wani kanti mai hawa bisa hawa, kawu ya tuɓe takalmi a ƙofa, da suka fito sai da aka yi cigiya. Suka je filin jirgin sama suka leƙa ta waya. Ya saya masa ƙanƙara mai zaƙi, kawu ya ƙulle rabi a gefen riga don ya kawo mana tsaraba. Yari na gaba yana nuni da hannu, kai ka ce shi ya gina birnin. Da kawu ya gyara murya sai Yari ya ce akwai sauran abin kallo.

Kawu ya ji daɗin yawon, bai taɓa musu ba. Amma ransa na ɓaci a ɓoye, don motar da za ta mai da shi ta kusa tashi, saƙon tsohuwa kuwa na nan cikinsa.

Da wuraren kallo suka ƙare, sai Yari ya yi kuskure ya kai masunci bakin teku. Kawu ya tsaya baki buɗe. Ya nemi gaɓar ƙetare bai gani ba. Ya ɗanɗana ruwan ya tofar, ya ce wa ya ɓata wannan uban ruwa da gishiri. Ya ga masuntan garin na tura manyan jiragensu cikin kumfa, ya girgiza kai, ya ce waɗannan ba su da manya. Sannan ya naɗe wando, ya sami yashi ya zauna. Ya ce ba ya komawa Argungu a ce ya ga ruwa bai shiga ba, amma sai ya kwanta tukuna.

Yari ya yi dariya har da hawaye, ya ce wannan ruwan ba ya kwanciya.

"Babu ruwan da ba shi kwantawa," in ji kawu. "Iska ta. Zamna mu jira."

Yari ya yi lallashi, ya ambaci sinima, ya ambaci abinci. Kawu ko gezau. Barin baƙo shi kaɗai a bakin ruwa kuma ba ya yiwuwa, dole ya zauna. Wasu a gidanmu na cewa dabara ce. Ni na san kawuna, ba shi da wannan wayon. Da zuciya ɗaya yake jiran teku ta gaji.

Suka yi azahar a nan, suka yi la'asar. Igiyar ruwa na zuwa tana komawa. Surutun Yari ya ragu, ya ƙare. Can yana wasa da yashi, kansa a ƙasa, ya ce, "Isuwa, ƙaƙa Inna?"

Kawu ya warware naɗin wandonsa, ya gyara zama, ya faɗi saƙon yadda aka ba shi, bai ƙara ko kalma ba. Yari ya ce da wane ido zai shiga gida, ba shi da ko turmin atamfa.

"Atanhwa ba ta ganin ta yanzu," in ji kawu. "Huskarka taka so, ita kuwa kana da ita."

Tare suka hau motar goro. Kawu bai shiga teku ba, kuma har ya rasu yana cewa da an ƙara masa yini ɗaya da ta kwanta.

Ranar da suka iso ina cikin masu kallo. Yari ɗan fari ne, Baiwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana a gaban mutane. Ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ta juya wajen kawu, ta tambaye shi hanya, ta tambaye shi gajiya, ta sa masa albarka. Sannan ta ce, "Isuwa, ce ma abokinka shi matso. Ban ganin nesa."