Kyanwa Mai Ludayi

Ranar Babbar Sallah ta 2014, ina 'yar shekara tara, falonmu na hawa na takwas a unguwar Pantai Dalam, can ƙasar masu Malayanci, ya cika da maza 'yan Kano, sun zagaye faranti suna jiran tuwon shinkafa. Malam Sabo, wani ɗalibi mai bin ƙwaƙƙwafi, ya miƙa hannu saman talabijin ya ɗauko wani fasasshen kasko. Ni na ajiye shi a wurin, kuma da alfahari na ajiye shi.

Umma ce ke karatun digiri na uku, a kan zane-zanen da ma'aikatan Masar na dā suka bari a jikin fasassun tukwane da ɓarɓashin dutse. Hotunansu na manne ko'ina a ɗakinta: kyanwa na yi wa ɓera fifita, zaki da barewa sun zauna dara, wata kyanwar riƙe da sanda tana kiwon agwagi. Umma kan ce, "Talaka ne ke dariyar manya, a kan abin da za a zubar." Baba kuwa koyarwa ya ajiye a Kano ya biyo ta. Shi ke kai mu makaranta a bas, shi ke shanya a baranda yana faɗa da ruwan la'asar, shi ke neman kuɓewa a kasuwa da Malayancinsa na kame-kame. Amma a masallacin unguwa da shagon mamak, inda maza ke shan shayi ranar Juma'a, "Dakta" ake kiransa. Sun ɗauka shi ne ɗalibin, shi kuma bai taɓa gyara musu ba.

Iska ce ta kayar da tukunyar fulawarmu ana jibi Sallah. Na tsinci ɓari mafi faɗi, na zana abin da nake gani kullum: ɓera mai tabarau irin na Umma a gaban kwamfuta, kyanwa da hular zanna a tsaye, ludayi a hannu, tsumma a kafaɗa. Har ɗigon baƙin da ke gefen hancin Baba ban manta ba.

Malam Sabo ya tuntsire da dariya, kaskon ya bi hannu-hannu. Sai dariyar ta fara mutuwa, don kowa ya dubi hular, ya dubi Baba da ke shigowa da kwanon miya. Baba ya karɓa, ya daɗe yana kallo. "Ta iya," ya ce. "Ku ci, lah," ya ƙara da salon maganar 'yan garin. "Kyanwar ce ta dafa."

Sun ci, har da ƙari. Amma daga ranar ba wanda ya sake ce masa Dakta, shi ma ya daina zuwa shayin Juma'a. Yakan zauna a baranda yana tsince wake. Bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya, kuma washegari shi ya taje mini kai kamar kullum, a hankali, don ya san ina da tsoron mataji.

Yanzu zane ne sana'ata, ina yi wa masu mulki ba'a a jarida, ana yabon ƙarfin halina. Baba ya tsufa a Kano, ni ina nesa, kuma ina kewar tuwonsa. Mutanen Masar sun zana manyan da suke tsoro ne. Ni na fara da wanda ke ɗaure mini takalmi.