Kwafin da Inusa Ya Karanta a Agadas

Ɗantala na Gazawa tun muna 'yan makaranta a lakol yake da shegen wayo. Shi ya gina wa ƙungiyar 'yan cirani shafin intanet a shekarar da soja suka shirya zaɓe. Kowane gari da adireshinsa: ka ƙara "gangara" a ƙarshe, sai ya kai ka wajen mutanen Gangara, wa ya haihu, wa ya dawo.

Na'urar da ke riƙe da shafin ragguwa ce, mutum biyar suka taru sai ta sume. Sai Ɗantala ya sa ta haɗa kowane shafi sau guda ta ajiye kwafi, ta dinga miƙa wa kowa kamar ɗumame, sai ranar kasuwa ta zubar ta yi sabo. Na ce, "Mako guda cur?" Ya ce, "Kai, labari a ƙasar nan ranar kasuwa yake zuwa, bakin direbobi." Kuma gaskiyarsa ce, wallahi, har yaƙin Libiya ya ɓarke.

'Ya'yan Suwaiba ta Gangara biyu suna can, Inusa da ƙanensa Jibo. Gudu ya raba su. Jibo ya iso gida kashegarin kasuwa, ƙafa a kumbure. Ɗantala ya shigar da sunansa nan take, har da hamdala, ya manta sam da kwafin nan.

Inusa kuwa ya kai Agadas, an ƙwace masa waya a hanya, ba lambar kowa a kansa. Ya shiga shagon intanet ya buɗe shafin garinsu. Tsohon kwafi na'urar ta ba shi, babu Jibo. Ya koma kwana biyu a jere, haka. Rana ta huɗu ya hau mota ya nufi arewa neman ƙanensa. Wani direba ne ya kawo mana labarin.

Masu zagin Ɗantala a tasha suna ba ni haushi. Wa ya taɓa tuna musu 'yan ciraninsu kafin shi? Ni dai tausayinsa nake ji. Ya kashe ajiyar kwafin, ya je Gangara da kansa ya durƙusa gaban tsohuwa Suwaiba.

"Inna, laifina ne."

"Tashi, ɗana. Yanzu in ya duba, zai gani?"

"Zai gani, Inna."

"To ka rubuta masa Jibo na gida, ya ci ya ƙoshi. Ka ce ni ce na ce ya juyo."

Ya rubuta. Damina uku ke nan saƙon yana saman shafin.