Ranar da Malam Isufu Ya Yi wa Katakon Fito Wanka

Har gobe ba zan manta da wata Juma'a a siton kayan katako da nake aiki a titin Wendover, nan ƙasar Turawa, ba. Ni ke kula da masu lodi, a samana kuma akwai manaja, Bature mai saurin hawa.

A satin aka kawo mana wani ƙaton katako daga wani birni na bakin teku. A da, kafin a gina gada, jirgin fito ke tsallakar da mutane da motoci, a jikin katakon nan ake ɗaure shi. Da aka rushe tashar, wata tsohuwa ta unguwar Irving Park ta saye shi za ta kafa a falo, don kakanta ya yi aiki a wurin. Abu baƙi ƙirin, duk ramuka da tsatsa da sawun igiya. Ƙa'idarmu, irin wannan kaya nannaɗewa kawai ake yi a kai wa mai shi.

Kowa ya san haka ban da Malam Isufu, mutumin Gaya ta Nijar, tsohon matuƙin kwale-kwale. Sabon ɗauka ne yana cikin gwaji, kuskure ɗaya sai sallama, ga iyalinsa ba su jima da zuwa ba.

Na dawo daga kai kaya na tarar da katako ya sha guga, an toshe ramuka, an shafe shi da shuɗin fenti sai ƙyalli yake.

“Malam Isufu, me ka yi?”

“Haba Alhaji, a kai wa tsohuwa wannan dauɗa? A Gaya ko maƙiyinka ba ka yi masa haka. Patron zai ji daɗi.”

Patron dai, wato manaja, bai ji daɗi ba. Ya ce in Litinin ta yi katako bai koma yadda yake ba, Malam Isufu ya nemi wani wuri.

Asabar da Lahadi muka kankare fenti, muka jiƙa shi da ruwan gishiri da na gahawa, muka yi ta jibgarsa da sarƙa. Malam Isufu yana duka yana istigfari.

“Wai na baro ƙasata don in lalata dukiyar mutane!”

Ranar Litinin tsohuwar ta zo, manaja ya gaya mata gaskiya. Ta shafa katakon, ta yi dariya har da hawaye, ta ce a kai mata. Shi kuwa manaja ya daɗe yana duban sawun sarƙar nan, sannan ya mayar da Malam Isufu sashen da ake tsofar da sababbin tebura don masu son kayan da. Yanzu shi ne shugaban wurin.

To, ku sababbin ma'aikata, a sana'ar nan tsufa ma haja ce, ku tambaya kafin ku wanke. Malam Isufu kam har yau kafinta yake ce wa mutanen gida, don ya ce ba shi da bakin gaya wa tsohonsa ana biyansa ya ɓata katako.