Kalmar da Na Juya wa Baba

Shekarar da soja suka miƙa mulki, siyasa ta raba Baba da ƙaninsa. Kowa da ɗan takarar kansilan da yake goya wa baya. Wata Juma'a suka yi cacar baki a kasuwar Wudil, a gaban 'yan kara da shanunsu. Baffa ya koma Kaduna wurin aikinsa ko sallama babu, aka yi wata biyar ba a gaisa ba.

Sai ga wasiƙa daga Baffa. Shi kuwa ɗan boko ne na ƙin ƙarawa, ko gaisuwar mutuwa da Turanci yake rubuta ta. Baba ajami kaɗai ya iya, don haka aka kira ni, malamar Turanci ta firamare, mai ji da kanta.

Gajeruwar wasiƙa ce. Bayan gaisuwa, jimla ɗaya ce mai nauyi, a tsakiyarta kalmar "still". Kullum ina koya wa yara ita. In ta zo a tsakiyar magana, tana nufin abu yana nan bai yanke ba, wato "har yanzu". In ta zo a farko da waƙafi a bayanta, sai ta zama "duk da haka". Ta Baffa a tsakiya take. Cewa ya yi har yanzu shi ƙanin Baba ne.

Amma ina jin haushin Baffa. Ya taɓa gyara mini Turanci a gaban ƙawayena, aka yi ta dariya, ban manta ba. Na gyara murya na ce, "Baba, ya ce duk da haka shi ƙaninka ne."

Baba ya ɗago kai. "Duk da me? Wato ni ne mai laifi, shi ne mai haƙuri?"

"Haka dai ya rubuta, Baba."

"To, ajiye masa takardarsa. Ba amsa."

Na san abin da na yi. Na ce a raina in Baba ya huce zan gyara, ai kalma ɗaya ce. Kunya ta hana ni, don sai na amsa cewa ko dai ban iya ba, ko da gangan na yi. Mako ya zama wata, aka shiga damina, Baba ya tare a gonarsa ta Indabo.

Ana cikin girbin gero aka aiko cewa Baffa ya rasu bayan jinyar kwana uku. Baba ya je jana'iza ya dawo, ya zauna a zaure bai ko cire takalmi ba. Na kawo masa ruwa na durƙusa. Ya kalli kofin, sannan ya ce, "Ya tafi yana ganin laifina."

Na ce, "Allah ya jiƙansa, Baba." Abin da na iya faɗa ke nan, a ranar, da kuma duk shekarun da Baba ya ƙara a duniya.