Inna Ƙaro da Sirinjin Madara

Inna Ƙaro abinci take sayarwa a bakin tasha. Sunan ya samo asali ne daga halinta: ba ta iya ganin kwano ya yi rabi ba ta cika shi ba. Direbobi har ɓoye kwanukansu suke yi a bayansu.

Da 'yarta ta haifi bakwaini, Inna ta rufe rumfa ta tare a asibiti. Ta tarar da jikan nata cikin kwalba, ɗan siririn tiyo ya bi ta hancinsa zuwa ciki. Nas ta zuba nonon da uwar ta tatsa a sirinji, bai kai cokali ba.

"'Yar nan, wannan ɗanɗano ne, ko?" in ji Inna. "Ina abincin?"

"Shi ke nan, Inna."

Ranar har ta fara cigiyar wani asibitin.

Washegari likita ta zo da na'urar hoto, ta ɗora kan na'urar a maɗigar yaron. Wani sauti ya fito, shuu, shuu.

"Jininsa ke nan yana zagaya ƙwaƙwalwa," in ji likitar. "Idan madara ta sauka, hanji ma yakan nemi rabonsa na jini. Jijiyoyin kansa kuwa ba su gama ƙwari ba, shi ya sa muke aunawa kafin ya ci da bayan ya ci. A hankali muke so ta shiga."

Inna ta kasa kunne. "Wato ciki da kai ne ke rigima? Ai haka kakansa yake. Da ya ƙoshi sai tunani ya tafi hutu."

Aka koya mata riƙon sirinjin: a ɗaga sama kaɗan, ba a dannawa, madarar ta gangara da kanta. Babban yatsanta ya yi ta ƙaiƙayi, sai ta riƙa cusa shi cikin tafin hannu tana yi wa yaron labarin tasha, wane ya sayi sabuwar taya, wane ya yi faɗa da kwandasta.

Da yaron ya yi ƙwari, wata safiya ya sa hannu ya fizge tiyon. Nas ta juyo ta zuba wa Inna ido.

"Wallahi ba ni na sa shi ba."

Likita ta duba shi ta ce a gwada shi da nono. Ya kama, ya tsotsa kaɗan, barci ya kwashe shi da baki buɗe. Inna ta fita baranda ta share ido da gefen mayafi, ta dawo tana cewa warin maganin nan ne ke sa ta hawaye.