Saura Yatsa Biyu

Shekarar da aka kawo lilon ƙarfe filin bayan tsohuwar tasha, ina da shekara bakwai, kuma duk ajinmu a lakkwal, wato makarantar boko, babu wanda ban ɗaga kai in kalla ba. Kamyo biyu, manyan motocin kaya, suka kawo shi, ana saura kwana huɗu Sallah. Muka yi cirko-cirko muna kallo ana haɗa shi: dogon ƙarfe a tsakiya, hannuwa takwas sun fito daga kansa, kowane hannu da kujera tana reto a jikin sarƙa. Ƴan boko suna ce masa manej, mu kuwa majaujawa muka sa masa. In aka tada inji sai ya fara juyi a hankali, can sai kujerun su buɗe su tashi sama, har su zarce katangar tasha.

Mai lilon wani dattijo ne baƙo, ba ya dariya, ba ya hira da kowa. A bakin shiga ya kafa katako, ya ja masa layi da jan fenti. Duk yaron da kansa bai kai layin ba, ko ubansa wane ne, ba ya hawa. Ranar da aka gwada injin na je na jingina bayana da katakon. Ya ɗora tafin hannunsa a kaina, ya duba, ya nuna mini yatsunsa biyu.

"Saura wannan. Sai baɗi, in muna da rai."

Ƙawayena duk sun kai. Na taho gida ina haɗiye kuka.

Babana baduku ne, a zauren gidanmu yake ɗinka takalma, kuma guntayen fata ba sa ƙarewa a ƙarƙashin tabarmarsa. Da ya fita sallar la'asar na kwashi masu kauri, na yanka su daidai ƙafata, na manna su ƙarƙashin takalmana na Sallah da danƙon da yake aiki da shi, ɗaya bisa ɗaya, har hawa biyar. Rigar da aka ɗinka mini doguwa ce, tana jan ƙasa, za ta rufe komai. Na tura takalman bayan randa a ɗakin Kaka, inda nake kwana, ina ganin ba wanda zai leƙa.

Kaka uwar Baba ce. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana sai Takwara. Lokacin sanyi ne, irin sanyin Agadez da ke shiga ƙashi da rana ta faɗi. Kullum bayan an ci tuwon magariba takan fito da kaskon gawayi bakin ƙofarta, ta ɗora ƴar butar shayi, mu yaran gida mu kewaye ta da barguna a kafaɗa, har a kira isha. Ba ta fara tatsuniya sai ta ƙwanƙwasa bakin kasko da tsinke ta ce, "Ga wata nan tafe, wa zai ba ta wurin zama?" Mu ce, "Ta zauna nan kusa da mu." Tatsuniyoyinta na dariya ne galibi, dila ya cuci kura, raƙumi ya je biki ya rasa tabarmar da za ta ɗauke shi. Takan canza murya, ta kumbura kumatu, har Baba ya leƙo daga zaure yana murmushi.

Daren jajibiri kuwa ba ta ƙwanƙwasa kasko ba. Ta daɗe tana juya garwashi, hasken yana hawa fuskarta yana sauka. Sannan ta fara, murya ƙasa-ƙasa, ba ta kalli kowa ba.

Ta ce akwai wani gari a bayan duwatsun Ayar. Kowace shekara in damina ta wuce, wani mutum yakan zo da farin raƙumi mai dogayen ƙafafu. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, rawani ya rufe ta, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya ci ko ya sha. Yakan ɗauki yara ya zagaya da su bayan dutse ya dawo kafin rana ta faɗi. Waɗanda suka je sukan dawo suna ba da labarin ruwa mai faɗin da ido ba ya ganin ƙarshensa, da garuruwa ƙanana kamar an zuba gero a faifai. Sai dai yana da sanda mai zoben tagulla a jikinta. Zai kafa ta a ƙasa, yaron da kansa ya taɓa zoben ya hau, wanda bai taɓa ba ya koma gun uwarsa.

Akwai wata yarinya, Lalla. Yayyenta duk sun je, ita kaɗai ta rage. Ta yi kuka har ta daina cin abinci. Sai wata mata mai kitso, da ke sonta ƙwarai, ta ce, "Zo nan, ɗiyata, kukan ya isa." Ta ɗauko ƙwallon goriba ta ɗora mata a tsakar ka, ta tattara gashi ta rufe shi, ta kitse tsaf. Lalla ta je ta tsaya jikin sanda, kitsonta ya taɓa zobe.

Nan Kaka ta sauya murya, ta koma wata irin murya mai sanyi da ban taɓa jin ta yi ba.

"Mai raƙumi ya ce, ‘Yarinya, wannan kanki ne?’ Ta ce, ‘Kaina ne.’ Ya sake cewa, ‘Wannan kanki ne?’ Ta ce, ‘Kaina ne.’ Ya juya ya dubi mai kitso a cikin taro, ya ce, ‘Ke fa, me kika ce?’ Ta ce, ‘Kanta ne, a gabana ta girma.’ Ya ce, ‘To. Ni ban da gardama. Sandata ba ta da ido. Amma ɗamarar sirdina ta san kowa.’"

Ya ɗora ta, ya ɗaure ɗamarar fata yadda yake ɗaure wa kowa. A jikin sauran yara ɗamarar takan kama ƙirji. Ita a haɓa ta tsaya mata, da sarari a tsakani. Ta ji, amma ta yi shiru, kada a sauke ta. Raƙumi ya miƙe, ya fara tafiya, ya fara gudu, can sai ta daina jin ƙarar ƙafafunsa, sai iska. Ta leƙa ta ga garinsu ya zama kamar tafin hannu. Ta yi dariya. Sai suka iso inda dutse ya yi kwana, raƙumi ya karkata.

Butar shayi tana tafasa tana zuba a garwashi, Kaka ba ta sauke ta ba.

"Da rana ta faɗi raƙumi ya dawo," in ji ta. "Ɗamara a ɗaure, ƙullin yana nan yadda aka yi shi. A cikin sirdi ba kowa, sai ƙwallon goriba da gashi kaɗan a jikinsa. Uwar ta kama rigar mutumin tana ihu. Ya nuna mata ƙullin ya ce, ‘Duba da kyau. Ban kwance ba.’"

Wata ƴar baffana ta ce, "Kaka, mutuwa ta yi?"

"Ban ce ba. Abin da na sani, ba ta iso ƙasa ba tukuna. In iska ta taso daga duwatsu, ku kasa kunne. Za ku ji kamar yarinya tana kiran a tare ta."

Ba ta rufe tatsuniyar da komai ba. Ta kwashe kofuna ta shiga ɗaki. A daidai lokacin iska ta kaɗa ƙyauren zaure, muka watse da gudu, kowa ya nufi uwarsa.

Da safe na tarar da takalmana a gefen shimfiɗata, an jera su, an share musu ƙasa. Fatun suna nan ba a ɓanɓare ko ɗaya ba. Kaka tana gefe tana jan carbi. Zan so in ce a nan na hankalta, amma ba haka aka yi ba. Rana ta fito, ana kiɗa a waje, tsoron jiya ya zama abin dariya. Na sa takalman, na saki riga ta rufe su, bayan an sauko daga idi na bi ƙawayena.

Layi ya yi tsawo, mai lilon ya gaji. Na jingina da katako, kaina ya taɓa jan fenti. Ya tsaya yana kallona, kamar yana son tuna inda ya san ni. Na ƙura wa ƙasa ido. Na baya suna turi, sai ya ce in wuce.

Kujerar ta fi yadda nake zato faɗi, ƙarfenta da sanyi. Ya sauko da sandar da ke tare mutum, ya sa mata sakata, ya wuce ta gaba. Na dubi ta kusa da ni, sandar ta zauna mata daram a ciki. Ni kuwa tana wajen wuyana. Na ɗan motsa kaɗan, rigar Sallah mai santsi ce, sai na ji na zame, har haɓata ta bugi ƙarfen. Ba abin da ke tsakanina da ƙasa sai hannuwana biyu. Sai inji ya tashi. Kujerar ta yi gaba, ƙasa ta fara janyewa, sarƙa ta fara ƙara a saman kaina, na ji jikina yana neman hanyar da zai bi ta ƙarƙashin sandar.

Ban san irin ihun da na yi ba. Aka ce har masu tsire na bakin tasha sun juyo. Mai lilon ya kashe inji kafin mu cika zagaye na biyu, ya ruga ya tare kujerata da ƙirjinsa. Takalmina ɗaya ya riga ya faɗi. Ya ɗauka ya juya shi, ya ga fatun nan hawa biyar. Na zaci zai mare ni. Sai ya ajiye takalmin. Ya durƙusa har fuskarsa ta zo daidai tawa.

"Ɗiyata, me na yi miki? Da kin faɗo, da wane baki zan gaya wa uwarki?"

Yara suna ta dariya. Na taho gida ba takalmi, na faɗa jikin Kaka. Ba ta yi faɗa ba, ba ta tambaye ni komai ba. Ta riƙe ni da ƙarfin da ban san tana da shi ba, har na ji zafi a haƙarƙari, tana ta maimaita, "Kin iso. Kin iso."

Sai bayan rasuwarta, ina da aure har da ɗa, na san sauran. Muna zaman makoki, Gwaggo, yayar Baba, ta ji ina ba wa mata labarin tatsuniyar. Ta kama hannuna ta ja ni gefe.

"Inna ta ce miki sunan yarinyar Lalla?"

Na ce e.

"Ƙanwata ce. Tsakanina da ubanki aka haife ta."

Ta ce wata shekara za su Iferwan gaisuwa, babu wuri a gaban kamyo sai na mace ɗaya da goyo, manyan yara kuma a bisa kaya ake ɗora su, su riƙe igiya. Mai motar ya dubi Lalla ya ce wannan ta yi ƙanƙanta, a bar ta gida. Lalla ta fashe da kuka. Kaka ta ce masa ai gajarta ce kawai, ta ƙara mata shekara biyu, ta ce yarinyar tana da ƙarfin hannu. Ya ƙyale. Da rana tsaka, wajen gangaren wata ƙorama bayan Dabaga, motar ta karkata.

"Ina kusa da ita," in ji Gwaggo. "Na miƙa hannu. Daga ranar Inna ba ta ƙara faɗin sunanta ba a gabanmu. Ashe ku take gaya wa."

Shekara da shekaru ina ɗaukar tatsuniyar a matsayin gargaɗi ga yaro mai gaggawa. Sai ranar na lura yarinyar ba ta da laifin kirki, yaro dai so yake ya hau. Wadda Kaka ba ta yafe wa ba ita ce mai kitso, babbar da ta kasa jure kukan yaro, ta tsaya cikin mutane ta ce kanta ne. Kuma ba mugunta ta sa ta ba, so ne.

Bara na kai ɗana wurin wasan yara a Yamai. Ya tsaya jikin ma'auni, ya gaza da kaɗan. Mai tsaron ƙofar ya ga yaron ya fara hawaye, ya sassauta murya ya ce, "Madam, ba komai, ya shiga, ki ce masa ya riƙe da kyau." Mutumin kirki ne, taimako yake nufi. Na yi masa godiya, na ja ɗana muka fito. Ya yi ta birgima, ya ce ba ya sona, ya ce zai gaya wa babansa, mutane suna kallona kamar wata marar tausayi. Har muka kai bakin titi yana fizgewa yana kuka. Na bar shi ya yi ta yi. Ina jin muryarsa a kusa, a ƙasa, daidai gwiwata, kuma hannunsa yana cikin nawa, da ɗumi.