Kaset Ɗin da Baba Bai Kunna Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina wurin aiki ranar Talata bayan la'asar Baffa Hamidu, ƙanen mahaifina, ya kira ni ya ce in taho unguwarmu ta Briqueterie yanzu, kada in tsaya komai. Ban tambaye shi dalili ba, domin muryarsa ta riga ta gaya mini. Kafin in isa an rufe Baba da mayafi. Allah ya karɓi Malam Sale mai bidiyo a shagonsa, yana zaune a kan kujerar da ya shekara talatin yana aiki a kanta.

Mutanen unguwa sun san shi da ɗaukar biki da suna da saukar karatu. Da zamani ya juya, sai suka riƙa kawo masa tsofaffin kaset domin ya mayar musu a kan faifai. Ni kuwa na san shi da tsoro, kuma a da ina yi masa dariya a kan haka. Bai taɓa sa kaset ɗin wani a inji ba sai ya buɗe murfin ya duba ko danshin Yawunde ya sa masa fumfuna. Yakan ce tsohon kaset sau ɗaya yake yarda a kunna shi, saboda haka a shirya komai kafin a taɓa shi.

Lokacin da zai sayi kwamfutar wannan aiki, ni ya ɗauka saboda ina jin Faransanci. Sau uku muna zuwa kasuwar Mokolo muna dawowa hannu wofi. Mai shago ya nuna masa wata siririya mai sheƙi, Baba ya juya ta ya ga babu inda ake sa faifai, ya ajiye. Shi babba yake so, mai rumbun ajiya da yawa, mai buga faifai a jikinta. Ƙaramin akwatin da ke haɗa injin kaset da kwamfuta kuwa, nan ne ya fi wahalar da mu. Ya zo da kaset ɗin gwaji a aljihu, ya sa aka haɗa, ya zura wa bakin mai magana ido. Guda biyu ya ƙi saboda murya tana riga leɓe fita. Ya ce mini, "Idan murya ta riga baki, kin mayar da mamacin mutane abin dariya." Na uku ya ƙi shi domin kaset ɗin da alhazai ke zuwa da su daga Makka ba sa fitowa da launi a cikinsa. A ƙarshe ya ƙara da batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke. Ranar na ji kunyar mai shagon sosai.

Duk wannan shiri na san don wa ake yinsa. Akwai kaset ɗaya a akwatinsa, naɗe da farin ƙyalle, na ranar sunana. Mahaifiyata ta rasu ina da shekara huɗu, ban riƙe muryarta ba, kuma ba ta a ko'ina sai a ciki. Baba ya mayar da na mutanen unguwar Ekoudou, ya mayar da na mahautan unguwar Etoudi, namu kuwa kullum sai ya sa rana ya ɗaga. Wata rana na fusata na ce ya fi damuwa da matattun wasu a kan tamu. Sai ya kira ni da sunan da yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Tsoro nake ji, Uwata. Idan ya tsinke, ta sake mutuwa a hannuna."

Bayan sadakar bakwai na buɗe shagon da safe, Gwaggo Asabe yayarsa tana zaune a bakin ƙofa tana jan carbi. Na bi tsarinsa ɗaya bayan ɗaya. Da na buɗe murfin kaset ɗin sunana na ga farin fumfuna a gefe guda. Na fahimci cewa jira ba ya ƙara masa komai sai lalacewa, na yi bisimilla na tura.

Hoto ya fito da launinsa. Ga wata mata siririya riƙe da jaririya, ta ɗago kai ta ce, "Malam, ajiye abin nan ka zo ka karɓe ta." Muryar ta zo daidai da leɓenta. Sai na ji dariyar Baba daga bayan kyamara. Minti goma sha ɗaya muka samu, sannan injin ya yi wata ƙara, hoton ya tsaya. Zaren ya tsinke ya cukurkuɗe a daidai wurin fumfunar. Abin da ya rage a ciki mutum ɗaya ne ya san shi, kuma mun binne shi.

Ya Allah ka jiƙan Malam Sale, ka yafe masa kurakuransa, ka cire masa tsoro a kabarinsa, ka haɗa shi da mahaifiyata a Aljanna. Ka ba Gwaggo Asabe da Baffa Hamidu da mu 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Ni kuma ka yafe mini maganar da na gaya masa ran nan. Amin.